AJIYAR ABINCI A GIDA: ME ZA A AJIYE, NAWA, KUMA YAYA ZA A YI KADA YA LALACE?

Yau za mu ɗan fito daga ɗakin kaji da bakin kwamin kifi, mu leƙa sito da madafi. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, don ya shafi iyali, ya kuma shafi jarin da muke kiwo da shi.

Bari in fara da abin da ya same ni. Ranar 1 ga Agustan 2024 da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, kafin yamma gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita ta awa 24. A lokacin ina da kaji masu ƙwai guda 200 a wani kango bayan gidanmu a nan cikin gari, abincinsu kuma buhu biyu ne ya rage. Wanda ke kiwo ya san ma'anar wannan: kwana biyu ke nan. A cikin gida kuwa akwai buhun gero ko kwancewa ba a yi ba, amma mai injin niƙa na bakin lungunmu ya kulle, mai ga-ruwa bai fito ba, gas ya kusa ƙarewa. Ga abinci a gida, ga shi babu halin ci. Umma ce ta sa aka janyo turmin da ya shekara nawa a kife a bayan ɗaki, ƙannena mata suka yi surfe da daka, da kunu muka kwana. Allah Ya taimaka aka riƙa sassauta dokar kaɗan-kaɗan, na samu na lallaɓa na ɗauko abincin kajin. Amma ranar na gane cewa tara buhu daban, tanadi daban.

Kuma ba karon farko ba ne. Masu shekaru za su tuna dokar hana fita ta Janairun 2012. Kullen korona na Afrilun 2020 ya haɗe da azumi, har sai da aka koma buɗe gari ranakun Litinin da Alhamis na 'yan awanni. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma kwanon masara ya gagare shi, masu kaji kuma ƙwai ya yi musu kwantai. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, komai ya tashi. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta cika da ruwa cikin dare ɗaya. Duk waɗannan babu wanda ya yi sallama kafin ya shigo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

SHIN BA ƁOYE ABINCI BA NE?

Na san wani zai tambaya. Ɓoye abinci shi ne mutum ya kwashe kayan da jama'a ke buƙata ya kulle, yana jiran farashi ya tashi. Irin zargin da ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu manyan sito a yankin Dawanau a Fabrairun 2024 ke nan. Magidanci ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci kuwa, malamai sun faɗa mana Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Kowa kuma ya san ƙissar Annabi Yusuf (AS) da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa. Kakanninmu da damin gero da rumbu suka ratsa shekarun fari.

Sannan a cire maganar riba a rai. Waɗanda suka sayi hatsi da tsada suka ajiye don su sayar, da farashi ya faɗo a 2025 sun ji a jikinsu. Kai da ka ajiye na ci, farashi ya hau ko ya sauka, tukunyarka dai za ta hau wuta.

KASA AJIYAR GIDA UKU

Kashi na farko, na kwana uku zuwa bakwai. Wannan na ranar da ba fita, ba wuta, ba inji. Abin da za a ci ba dahuwa, ko da 'yar dahuwa kaɗan: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, soyayyiyar gyaɗa, madarar gari, ganyen shayi, garin kunu, taliya, shinkafa, busasshen kifi. Garin kwaki da ƙuli da ruwa mai kyau sun isa su riƙe gida kwana biyu ba a hura wuta ba.

Kashi na biyu, na wata guda. Cefanen da kuka saba ne, sai dai ya riga ku zuwa gida da wata ɗaya: shinkafa, wake, garin tuwo, mai, gishiri, kayan miya busassu.

Kashi na uku, na wata uku zuwa shida, ko daga kaka zuwa kaka ga mai hali. Nan tsaba ake ajiyewa, ba gari ba: gero, dawa, masara, wake, shinkafa.

Kuskuren da na yi, wanda da yawa ke yi, shi ne farawa da kashi na uku. Fara da na farko. Ko da albashinka ko cinikinka bai taka kara ya karya ba, za ka iya haɗa na kwana uku a cikin wata guda.

NAWA ZA A AJIYE?

Hukumomin agaji na duniya suna lissafin abincin mutum ɗaya a rana da kalori 2,100. In aka mayar da shi kayan abinci, yakan kama kamar haka: hatsi giram 400 zuwa 450, wake giram 60, mai giram 30, gishiri giram 5. Mu ɗauki gida mai mutum goma:

Hatsi: kilo 4 a rana, wato kwano ɗaya da rabi da ɗan ɗori, tunda kwanonmu yakan kai kilo biyu da rabi. A wata kilo 120. A wata uku kilo 360, kusan buhu uku da rabi na kilo 100.

Wake: kilo 18 a wata, kusan kwano bakwai.

Mai: kusan lita 10 a wata.

Gishiri: kilo ɗaya da rabi a wata.

Wani zai ce ai rabin mutanen gidan yara ne. Gaskiya ne, amma kada ka rage lissafin. Gidan cikin gari ba ya rasa baƙo, ga almajiri, ga kwanon ciyayya da ake miƙa wa maƙwabta. Ranar tsanani kuwa baki ƙaruwa yake yi.

Hanya mafi sauƙi ma, ka tambayi uwargida kwano nawa ake aunawa a mako. Ita ta fi kowa sani. Kuma ita za a ba riƙon sito, don ita ce za ta fara ganin ƙwaro.

ABIN DA KE JURE AJIYA DA WANDA BA YA JUREWA

Gero ya fi sauran hatsinmu haƙuri, in ya bushe sosai. Dawa na biye da shi. Masara da wake su ne abincin ƙwari, su suka fi buƙatar kulawa. Shinkafa fara ko wadda aka turara tana daɗewa. Gishiri, sukari da zuma ba su da matsala in dai ruwa bai taɓa su ba.

Gari kuwa ba ya jure wa ajiya, musamman garin gero. Akwai maiƙo a jikinsa, da an niƙa shi ba ya daɗewa zai canza ƙamshi ya fara ɗaci. Haka gyaɗa ɓararriya da ƙuli-ƙuli, suna tsufa su riƙa maƙaƙi a wuya. Gyaɗa a bar ta da ɓawonta ta fi lafiya. Man gyaɗa da manja a sa su a jarka mai murfi, nesa da rana da zafin murhu, kuma kada a sayi na sama da wata uku a lokaci ɗaya.

Kayan miya kuwa Allah Ya hutar da mu, iyayenmu mata sun gama wannan ilimin tuntuni: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, barkono, busasshen tattasai, tsamiya, kanwa, zogale da ramar da aka shanya a inuwa. Lokacin da tumatirin rani ke kwararowa daga Kadawa da Kura da Garun Malam, wajen Janairu zuwa Maris, a saya da araha a yanka a yi kauɗa. A shanya a kan tabarma ko leda mai tsafta a saman soro, ba a ƙasa ba. Wanda ya ga yadda tsutsar nan ta sharon ta cinye gonakin tumatir a 2016 ya san darajar kauɗa.

Doka ɗaya: abin da kuke ci shi za ku ajiye. In gidanku ba a cin tuwon dawa, kada ka sayo buhun dawa don ta yi araha. Za ta zauna ne har ƙwari su gaje ta.

MAƘIYI NA FARKO: DANSHI

Yawancin hatsin da ke lalacewa a gida tun daga kasuwa ya taho da ciwonsa. Da kaka kowa na gaggawar kai kaya Dawanau, wani hatsin bai gama bushewa ba, kuma ɗanye ya fi nauyi a sikeli. Masara ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Ba ka da na'urar awo? Ga gwaji biyu.

Na farko, ka ciza. Busasshiyar ƙwaya ƙaras take fashewa. In ta lotsa, da saura.

Na biyu, gwajin gishiri. Samo kwalba busasshiya, zuba hatsin kamar kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na gishirin da ya bushe sosai, rufe, girgiza minti ɗaya, bar ta kamar kwata. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Mayar da shi rana.

Me ya sa nake matsawa a kan wannan? Saboda fumfuna. Akwai wata fumfuna mai kama masara da gyaɗa, tana fitar da guba da ake kira afulatokzin. Dahuwa ba ta kashe ta. Tana cin hanta a hankali, tana tsumburar da yara. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masarar da aka ajiye da danshi. Kuma mu masu kiwo ya kamata mu fi kowa saninta, don ta hanyar kiwo aka gano ta: a 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai wannan guba.

To a nan ne nake roƙonmu. Mun saba in masara ta yi fumfuna a ce "a ba kaji." Wallahi asara ce kan asara. Ƙwai zai ragu, girma zai tsaya, garkuwar jikinsu ta yi rauni har rigakafin da ka yi musu ya ƙi aiki yadda ya kamata. Ka yi ta sayen magani kana zargin mai ƙyanƙyasa, alhali ciwon yana cikin buhunka. Kifi ma haka. Hatsin da ya yi kore ko baƙi, ko yake warin ruɓa, a haƙa rami a binne.

Gidajenmu na cikin badala suna da tasu matsalar. Katangar ƙasa tana shan ruwa da damina, ko ta siminti ce ƙasanta na tsatsafo da laima a watan Agusta, balle unguwannin da ke kusa da Jakara ko bakin kududdufi. Kada buhu ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A sa katako ko bulo a ƙasa, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango. In lungunku ruwa na shiga gida, ajiyar ta koma bene ko kan wani abu mai tudu. Ni kaina na taɓa asarar rabin buhun masara a haka. Ta gaba lafiya lau, ɓangaren da ya jingina da bango ya dunƙule ya yi baƙi.

MAƘIYI NA BIYU: ƘWARI

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Ƙwansa na manne a jikin waken, tsutsar na ciki. Shi ya sa za ka ɗaure wake mai kyau, bayan wata biyu ka kwance ka tarar duk ya huje.

Maganinsa mafi aminci shi ne a hana shi iska. Ƙwaro numfashi yake yi kamar kowa. In aka rufe hatsi ruf, shi da kansa zai shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Hanyoyi uku:

1. Buhun PICS, wanda wasu ke kira buhu mai leda biyu. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da abokan aikinsu na Afirka, har da na cibiyar binciken noma ta Nijar da ke Maraɗi, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro ke yin sa. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin ka zuba, hura iska a kowace leda ka danna, ka tabbata ba ta da huji. Zuba hatsin, matse iskar, murɗe bakin leda ta farko ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗauri uku daban-daban. A yi hattara da jabu mai siririyar leda.

2. Jarka. Ga mai ɗaki ɗaya ko gidan haya, wannan ta fi. Jarkar mai ta lita 25, a wanke ta tas, ta bushe ƙarau, tana cin wake kusan kilo 20, wato kwano takwas. A cika ta har wuya ana bubbugawa, a sa leda a baki sannan a murɗa murfi. Tana shiga ƙarƙashin gado, ɓera ba ya iya ta. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir ko maganin feshi.

3. Duro mai murfi da zobe. Na lita 200 yana cin masara wajen kilo 150. Shi ma sai an cika shi, don rabin duro rabin iska ne.

Sharaɗi biyu: hatsin ya bushe kafin a rufe, in ba haka ba zai yi tsami ya ruɓe a ciki. Kuma in an rufe a bar shi aƙalla wata ɗaya zuwa biyu ba a buɗe ba. Shi ya sa jarka biyar ta fi duro ɗaya ga gidan da ake ɗiba kullum: ana cin ɗaya, huɗu na rufe.

In wake ya riga ya fara ƙwari, shimfiɗa baƙar leda a rana tsaka, baza waken ba da kauri ba, rufe da farar leda mai nuna ciki, danne gefe da duwatsu, bar shi awa biyu. Zafin zai kashe su har na ciki. A bari ya huce sarai kafin a rufe. Dabarar iyayenmu ta cakuɗa wake da tankaɗaɗɗen toka, awo ɗaya na toka awo ɗaya na wake, ita ma tana aiki ga ɗan kaɗan.

Abin da ba za a yi ba: zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a abinci. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi karɓa a tashar jirgin ruwa, mu ne za mu zuba wa 'ya'yanmu? Ƙwayar nan kuma da ake kira bom, iskar guba take fitarwa. An yi ta ne don sito na musamman a hannun wanda ya ƙware. A gidan cikin gari da ɗakin ajiya ke manne da ɗakin kwana, tana iya kashe mutum yana barci. Kada ta shigo gida. Mai son ƙarin bayani, cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, tana da reshe a nan Kano.

Ɓera kuma ba ɓarna kaɗai yake yi ba, fitsarinsa da kashinsa na yaɗa zazzaɓin Lassa. Garin kwaki da duk abin da ake ci ba dahuwa, a sa shi a bokiti mai murfi.

RUWA, WUTA DA TURMI

Mutum yakan yi kwanaki ba abinci, amma ba ruwa fa? Ma'aunin hukumomin agaji shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana don sha, girki da tsafta. Gida mai mutum goma, jarka shida ke nan kullum. Mu da yawancinmu mun dogara da 'yan ga-ruwa da bohol mai jiran wuta, ya kamata a ce kullum akwai ruwan kwana uku a gida: duro biyu da randa, a rufe, ana amfani ana sabuntawa. Ruwan rijiya a tafasa kafin a sha, ko a sa maganin tsaftace ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. A ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa, musamman da damina.

Makamashi kada ya zama iri ɗaya. Mai gas ya ajiye buhun gawayi da kurfoti. Ashana a cikin gwangwani. Kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe, kada a tara fetur a gida. Lungunanmu motar kashe gobara ba ta shiga. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, yana rage cin wuta sosai.

Sauran kaya: turmi da taɓarya da rariya, tocila mai sola, ƙaramin rediyo, sabulu, audugar mata, maganin mai hawan jini ko ciwon suga na wata guda a gaba, abincin jariri, da tsabar kuɗi ƙanana-ƙanana. Wanda ya sha layin POS a 2023 ba sai an yi masa bayani ba.

KAJI DA KIFI MA BAKI NE

Yanzu mu dawo gida. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 200, buhu ɗaya na kilo 25 kullum. Ruwan da take sha ya ninka nauyin abincinta sau biyu, wato kusan jarka biyu a rana ga kaji 200, da zafi kuwa ya wuce haka nesa. Yini ɗaya ba ruwa ya isa ya karya ƙwai, kuma sai an ɗauki lokaci kafin ya dawo.

Haɗaɗɗen abincin kaji ba ya ajiyuwa kamar tsaba. Bitamin ɗin da ke ciki na raguwa, maiƙonsa na lalacewa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Kada ka tara na sama da wata guda. Amma kada ka bari ya gaza na kwana bakwai zuwa goma. Da ka taɓa wannan ajiyar, ka san lokacin saye ya yi. Mai haɗa abinci da kansa, masara da waken suya zai saya da kaka ya rufe a PICS, ya riƙa niƙa na mako biyu-biyu.

Kuma ka raba sito. Masarar gida daban, ta kaji daban. Kaji 200 in suka koma kan masarar gida, abin da zai riƙe mutum goma wata guda ba zai yi musu kwana goma ba. Ka yanke shawara tun yanzu da hankalinka a kwance: in abinci ya yanke kwana kaza, zan rage kaji kaza. Buroilar da ta kai sayarwa, kowace rana ta ƙara a hannunka ribarka take ci. A yanka, a soya sosai a tsane, ko a yi dambu. Firiza ba abin dogaro ba ce a garin da wuta ke zuwa ta ga dama.

Tarwaɗa ta fi kaza sauƙi a nan. Babba tana iya kwanaki ba ta ci ba, ba abin da zai same ta. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan da ya ɓaci. Don haka in ka ga ba halin canza ruwa, dakatar da abinci, don abincin ne ke ɓata ruwan. Sai dai a rarrabe manya da ƙanana, in yunwa ta yi suna cin junansu. In abin ya ja, a yi banda. Kilo huɗu na ɗanye zai ba ka kilo ɗaya da 'yan kai in ya bushe sosai. Wanda za a ajiye sai ya bushe har yana karyewa, ba mai taushin nan na miyar yau ba. Ya huce, a rufe a bokiti, a riƙa dubawa duk mako biyu ana sake nuna masa wuta. Ga nama a gida ba tare da wutar lantarki ba.

Ƙwai kuwa kada a wanke shi, a jera tsinin a ƙasa, a wuri mai sanyi. Da zafi kada ya wuce mako ɗaya zuwa biyu. In kasuwa ta tsaya, gara ka karya farashi ga maƙwabta ko ka yi musaya da mai shago a ba ka shinkafa, da ka zuba ido kiret-kiret su lalace.

YADDA ZA A FARA

Lokacin saye shi ne kaka: gero daga Satumba, masara da wake Oktoba zuwa Nuwamba, dawa Nuwamba zuwa Disamba. Tsada kuma takan fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta. Ba ka da kuɗin buhu? Ku haɗu ku huɗu, 'yan majalisa ɗaya ko 'yan gida ɗaya, ku sayi buhu a Dawanau ku raba kwano goma-goma, ku haɗa kuɗin mota. Mata su yi adashinsa. Ko kuma duk ranar da aka auno kwano uku a kasuwar Rimi, a ƙara ɗaya a juye a jarka. Kwano ɗaya a mako, kafin wata biyu jarka ta cika.

A rubuta kwanan wata a jikin kowace jarka da buhu. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Ana ci daga tsoho, ana cike gurbi da sabo. Ajiyar da ba a taɓawa ita ce ke lalacewa. Duk ranar Juma'ar farko ta wata a leƙa sito: a shinshina, a duba ƙasan buhu, a duba kashin ɓera.

Na ƙarshe, in Allah Ya hore maka, ka sa maƙwabcinka a lissafi. A kullen 2020 gidaje da yawa a cikin garin nan kwanon da aka miƙo ta kan katanga ne ya riƙe su. Jarka ɗaya a cikin biyar, ka ƙudurta ta wani ce.

Aikin wannan makon: ka zauna da uwargida ku lissafa kwana nawa gidanku zai yi in yau aka ce ba fita, abinci da ruwa da makamashi. Sannan ka shiga ɗakin kaji ka ƙirga buhu. Lambar da ta fi ƙanƙanta a ciki, daga nan za ka fara gyara.

Allah Ya tsare mu da yunwa da fitina, Ya sa albarka a kiwonmu, Ya ba magidanta ikon riƙe gidajensu. Wanda ya amfana ya isar wa ɗan'uwansa.